Kawuna da Ba Ya Cewa Wane Ya Ce

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi Kawuna ya koma ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Derrière la Prison, bayan shekara ɗaya da rabi yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya kawo ni nan Libreville ta ƙasar Gabon, kuma aikinsa na gada: shugabancin 'yan dako a wani depo kusa da tashar ruwa ta Port Môle, inda muke loda shinkafa da mai da katon-katon a jiragen ruwa masu zuwa Port-Gentil. Ya riƙe wannan aiki kusan shekara talatin.

Kafin azahar lungun ya cika. 'Yan dakonmu su goma sha biyu sun taso daga bakin ruwa da gumi a jikinsu, wasu ko gammo ba su sauke daga kafaɗa ba. Wata mata 'yar Gabon mai soya ayaba a bakin tasha ta kashe wutarta ta biyo su. Ba musulma ba ce, sai ta tsaya daga ƙofa tana ta cewa Papa ya tafi, Papa ya tafi. 'Yar Kawu ta fari kuwa haifaffiyar nan ce, kuma Hausarta kan tsinke idan hankalinta ya tashi. Da Faransanci ta riƙa tambayata su wane ne duk waɗannan mutanen, a ina mahaifinta ya san su. Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tana ta aike a duba ko ruwan alwala ya isa.

Da aka ɗauki makara, na miƙa hannu sau uku in kama. Duk sau ukun kafaɗar wani daga cikin 'yan dakon ta riga ni. Babu wanda ya ture ni, babu wanda ya harare ni, wuri ne kawai ba a bar min ba. A maƙabarta kuma wani dattijo Badamagare da muke kira Babban Yaya, wanda ya yi aiki tare da Kawu shekara ashirin, shi ya sauka kabari ya karɓe shi. Da ƙyar ya sauka, da ƙyar aka jawo shi. Bai dubi inda nake ba.

Muna fitowa, wani Kirista ɗan Kamaru da ke cikin 'yan dakon ya jero da ni. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya kwana-kwana. Shef suke kira na, wato shugaba.

"Shef, mun yi magana," in ji shi. "Za mu kai ranar sadakar bakwai saboda tsoho. Bayan nan kowa zai kama gabansa."

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, kuma ban iya tsara magana ba. Amma ina tsoron a binne Kawu a binne halinsa tare da shi, kuma ina tsoron mutanen da ya haɗa shekara talatin su watse a hannuna. Idan suka watse, laifina ne, kuma zan faɗi yadda aka yi.

Kawu bai taɓa zama a ofis ba. Mai depo ya saya masa tebur da kujera, ya ɗora musu igiyoyi. A tsakar depo yake yini yana kallo. Daga yadda mutum ya jefar da buhu yake gane cewa akwai abin da ke cin sa. Ba zai tambaya ba. Sai ya nemi wani kaya da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka, naɗin tamfol ko injin wuta, ya ce, "Kai, zo kama min wannan." Su ɗauka, shi a gaba, mutumin a baya, su bi doguwar hanya ta bayan depo. A tsakiyar hanya sai ya ce ya gaji, a ajiye a huta. Ya tsaya yana kallon ruwa. Babu mai ganin fuskar wani, kuma duk wanda ya hango su zai ce aiki suke yi. A nan mutum ke amayar da abin da ke cikinsa. Kawu ba ya cewa komai sai "To" da "Na ji."

Daga nan shiru. Kwana biyu, kwana uku, har mai kukan ya fara zaton an manta da shi. Sai wata safiya Kawu ya shigo yana faɗa shi kaɗai, ya kafa wata sabuwar doka kamar jiya ya yi mafarkinta.

Ɗan Kamarun nan ya taɓa kai masa kuka cewa duk Juma'a musulmi na tafiya masallaci su bar wa Kiristoci lodi, amma ran Lahadi idan jirgi ya zo babu mai ɗauke musu don su je coci. Bayan kwana uku Kawu ya shigo ya ce shi ya gaji da ganin ƙattin musulmi suna barci ran Lahadi kamar an biya su, daga yau lodin safiyar Lahadi namu ne. Muka yi ta gunaguni, muna cewa tsoho ya fara rikicewa. Sai bayan shekara biyar na san tushen maganar, kuma daga bakin Ɗan Kamarun na ji, ba daga Kawu ba.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake ɗaukar baƙin jinin da ba nasa ba. Yana warware igiya ya ba ni amsa.

"Ni tsoho ne. In sun ji haushina da safe, zuwa la'asar ya wuce. In suka ji haushin juna fa? A kan katako ɗaya za su haɗu wajen hawa jirgi, da buhu a ka, ruwa a ƙasa."

Ban taɓa jin ya ce wa mutum ka yi ƙoƙari ba. Idan ya ga jikin wani ya mutu, sai ya jawo wani daban ya tsayar da shi a gabansa, ya ce, "Tsaya nan ka ga yadda ake jera buhu. Duk tashar nan babu mai jera kusurwa kamar wannan." Ya yi tafiyarsa. Ni ma ya yi min haka a shekarata ta farko, lokacin da kewar gida ta hana ni sakat. Ranar sai da aka ce min in tsaya in ci abinci.

Shi ma yana da nasa aibin. Idan ya ga igiya a cikin ruwa, har bakin titi ake jin muryarsa. Ba ya shan magani sai an yi rigima. Kuma yana da taurin kai. Wata rana ana zuba irin ruwan garin nan mai kwana yana zuba, mai depo ya ce lallai a yi lodi, jirgi na jira. Kawu ya ce ba mai hawa katako a wannan santsin. Mai depo ya yi ta surfa masa faɗa da Faransanci. Kawu ya hau kan buhu ya zauna, ya ciro goro ya ɓantara.

"Yau ba na jin Faransanci," in ji shi. "Sai ruwa ya tsaya."

Shi da Babban Yaya kuwa wasan Kanawa da Damagarawa suke yi tun daga asuba. Babban Yaya zai shigo ya ce, "Ina bawan nan nawa na Kano? An share min wuri?" Kawu ya ce, "Ga ubangidanka nan zaune. Je ka wanke fuska, ƙurar garinku na nan har yau." Shekara takwas na ƙarshe Kawu ya cire Babban Yaya daga hawa katako ya sa shi ɗaurin kaya, aikin da ake yi a tsugune da igiya. Duk wanda ya yi ƙorafi sai Kawu ya ce babu mai ƙulli irin na Badamagare, in akwai a nuna masa. Kowa ya ɗauka son kai ne na tsofaffin abokai, aka bar masa.

Da Kawu ya faɗi, mai depo ya ba ni wurin. Abin da na fara yi shi ne na kwashe igiyoyin daga kan tebur na zauna. Ina da aboki mai aiki a wani ofis a unguwar Louis, ya ba ni labarin yadda suke taro duk Litinin, mai ƙorafi ya faɗa a gaban kowa. Na ga wannan ita ce gaskiya, ba ɓoye-ɓoyen tsofaffi ba. A zuciyata har ina cewa Kawu ya daɗe yana rufa-rufa, ni zan buɗe komai.

Taro na biyu aka taso da maganar Babban Yaya. Me ya sa shi kaɗai ba ya ɗaukar buhu? Na ce gaskiya ne, daga gobe ya koma katako. Kwana uku yana ɗauka. Ina ganin yadda yake dafa mararsa idan ya sauke, na kawar da kai. A rana ta huɗu ya zo gaban teburina ya tsaya.

"Shef, zo kama min tamfol ɗin can."

Na san abin da yake nufi. Na ce, "Babban Yaya, faɗi abin da ke bakinka a nan. Ina da aiki."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Mutumin da ya girmi mahaifina ya sunkuyo har sai da gemunsa ya taɓa kunnena. Ya ce gwaiwa gare shi, shekara takwas ke nan. Kawu kaɗai ya sani, ko iyalinsa a gida bai gaya wa ba. Ya roƙe ni don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu. Na ce ta tsaya. Na mayar da shi kan igiya.

Litinin ta zagayo. Tun kafin in zauna aka fara. Wani ya ce sabon Shef ma ya fara son kai. Wani ya ce ashe jini ɗaya ne, hali ɗaya. Ba a taɓa yi min irin wannan kallon ba, kuma na so in wanke kaina. Na buga tebur.

"Gwaiwa gare shi. Duk mai irinta ya zo ya nuna min, shi ma in ba shi igiya."

Wani ya yi dariya, gajeriya, ya haɗiye ta. Babban Yaya ya miƙe a hankali. Ya ninke gammonsa ya ajiye a kan teburina, ya fita. Bai sake taka depo ba.

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kawo min kuka. Duk Litinin in tambaya ko akwai matsala, su ce babu. Da farko har daɗi na ji, na gaya wa mai depo cewa na kashe ƙorafi. Amma lodin da muke gamawa kafin azahar ya koma kaiwa la'asar. Babu mai waƙa a kan katako, babu mai tsokanar wani. In na shigo hira ta mutu. Na yi tsawa, na yi barazanar kora. Su ce, "To, Shef," su ci gaba da jan ƙafa.

Duk Lahadi da yamma ina zuwa gaishe da Kawu. Da rabin baki yake magana, sai ka matsa kusa.

"Yaya mutanena?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Badamagaren fa?"

"Yana gaishe ka."

"Babu wani abu?"

"Babu."

Haka muka yi ta yi. Wata Lahadi ya ce in kama masa ya fita ya sha iska. Na ɗaga shi, ya jingina a kafaɗata, muka bi lungun da ke tsakanin ɗakuna. A tsakiya ya ce ya gaji. Muka tsaya. Ya kafa wa bango ido, bai dube ni ba, bai ce komai ba. Mun daɗe a haka, ina jin numfashinsa a wuyana. Da zan iya cewa ban gane ba, da na samu sauƙi. Na gane sarai. Maganar ta zo min har maƙogwaro. Sai na ce, "Kawu, mu ƙarasa, ƙafarka za ta yi sanyi."

Ya ce, "To."

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Inna ta aika a kira ni. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ba ta ɗago ba.

"Ka san Badamagaren nan duk Juma'a yana zuwa yi wa kawunka aski?"

Na ce ban sani ba.

"Bai taɓa kawo ƙararka ba, ko sau ɗaya. Kawunka ne ya kama tafin hannunsa ya shafa, ya ce igiya ta daɗe ba ta bi nan ba. Shi kuwa ya yi ta wasa, wai ya gaji da yi wa Kanawa bauta. Amma kawunka ya gane. Na ce masa ya kira ka ya yi maka faɗa. Ya ce a'a, in ya kira ka, tsoronsa za ka ji ka gyara, ranar da ba ya nan kuma ka koma. Ya ce a bar ka ka kawo da kanka."

Ta ja carbi biyu ko uku.

"Wata goma sha ɗaya yana jiran ka, ɗan nan. Duk Lahadi sai ya sa na canza masa riga."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na zauna a bakin kwata kamar mahaukaci, taksi na wucewa suna min oda. Mutumin da zan kai wa wannan kukan shi ne wanda muka rufe da ƙasa shekaranjiya.

Washegari bayan sallar Juma'a na nemi Babban Yaya. Na same shi a Louis, yana gadin wani kanti a kan benci. Na durƙusa. Na ce na zo neman gafara. Bai ɗauke ido daga kan motoci ba.

"Tashi, kada mai kanti ya ce bara kake yi. Ka san har gidan da nake haya maganar ta kai? In na fito wanka sai in ga ana kallon zanena."

Na ce na sani ban kyauta ba.

"A gaban mutum goma sha biyu ka tuɓe ni. Yanzu ka zo lungu, ni da kai, ka ce in yi haƙuri. Abin da ya kamata a yi a ɓoye ka yi a fili. Na fili kuma ka kawo shi ɓoye. Je ka, ina aiki."

Ranar Litinin aka yi sadakar bakwai. An shimfiɗa tabarmi a lungu, 'yan kasuwa da maƙwabta da 'yan dako duk suna nan. Da liman ya shafa addu'a mutane suka fara neman takalma, na miƙe. Ban sake ambaton ciwon ba. Na ce wani dattijo ya ba ni amanar sirrinsa, na jefar da ita a gaban jama'a don in kare fuskata. Na ce na yi wa Kawu ƙarya wata goma sha ɗaya yana kwance. Na ce mutanen da suka ce za su tafi suna da gaskiya, amma ina roƙon su kada su tafi, ba don na cancanta ba.

Liman ya sunkuyar da kai. Can Babban Yaya ya gyara murya.

"Na yafe," in ji shi. "Don wanda ke kwance, ba don kai ba. Amma ni na gama da bakin ruwa. Ƙarshen wata zan koma gida a yi min aiki."

Sauran 'yan dakon suka sa takalmansu suka tafi. Babu wanda ya ce min zai zo, babu wanda ya ce ba zai zo ba.

Jiya Talata na buɗe depo tun da sassafe na tsaya a ƙofa. Jirgi na jira, shinkafa jibge. Ƙarfe bakwai ta yi, takwas ta yi. Mutum huɗu suka zo cikin goma sha biyu, Ɗan Kamarun na cikinsu. Ba su gaishe ni da wani sakin fuska ba. Na tuɓe rigata, na ɗauki gammo, na ce a ɗora min. Rabona da buhu shekara ɗaya da rabi. Na nufi katakon da muke bi mu hau jirgi, na sa ƙafa ɗaya, sai na ji an riƙe min hannu ta baya. Ɗan Kamarun ne.

"Kada ka taka tsakiya. Ya tsage ta ƙasa. Bi gefen dama."

"Tun yaushe?"

"Wata uku."

"Wata uku kuna bin sa da buhu a ka, ba wanda ya gaya min?"

Ya sake min hannu.

"Mun daina gaya maka komai, Shef. Kowa ya koyi inda zai sa ƙafa."

Na sauke buhun. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin katakon, na ga tsagar, hannuna ya shige ciki har wuyan hannu. A ƙasa ruwa ne tsakanin jirgi da siminti. Na tsayar da lodi har aka kawo wani katako, mai depo na ta ihu a waya. Ya ba ni zuwa Asabar in dawo da mutane, ko ya kawo wani shugaban da nasa 'yan dakon, mu duka mu tafi, har da huɗun da suka zo.

Yau Laraba. Huɗun nan dai su suka sake zuwa. Na bi ɗakunan uku daga cikin sauran takwas, biyu ban same su ba, ɗaya ya ce zai yi tunani. Duk wanda wannan takarda ta iske, in ya san ɗaya daga cikinsu, don Allah ya karanta masa. Ban ce su yarda da ni ba. Su zo su tsaya a inda tsoho ya tsayar da su, su faɗa min duk abin da ya tsage, ko da zagi ne.

Ya Allah, Kawuna ya rufa wa bayinKa asiri shekara talatin, bai taɓa cewa wane ya ce ba. Ka rufa masa nasa a ranar da komai ke fitowa fili. Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna da 'ya'yansa haƙuri, Ka ba Babban Yaya lafiya ya isa gida. Ni kuma, jama'a, ku sa ni a addu'a. Kwana uku suka rage min.